Rana, Man Kaɗanya da Fatar Yarinya Zabiya: Amsa ga Wani Manomin Shinkafa

Tambaya

Wani manomin shinkafa daga yankin Auyo a jihar Jigawa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Shi dai a fadama yake wuni tun hantsi har yamma, rani da damina, kuma yana da 'ya mai shekara bakwai wadda Allah ya halitta zabiya. Mahaifiyarta tana shafa mata man kaɗanya da aka kwaɓa da kurkur, saboda wata mai sayar da kayan gyaran jiki ta ce musu wannan haɗin ya fi man kanti, tunda babu sinadari a cikinsa. Duk da haka fuskar yarinyar da wuyanta sukan yi ja, leɓenta kuma yana tsagewa. A gefe guda ya ji a rediyo ana cewa shan hantsi yana ƙarfafa ƙashi. Yana so ya san iyakar ranar da take da amfani da inda take komawa cuta, da kuma irin man da ya kamata ya nema, domin ya fi son na asali wanda ba zai cutar da yarinya ba.

Amsa

Malam, Allah ya raya yarinya, ya yi mata albarka, ya sa ka ci moriyar nomanka. Zan fara da abin da ya fi gaggawa domin kada ya ɓace a cikin dogon bayani. Haɗin man kaɗanya da kurkur ba ya kare fatar zabiya daga rana, kuma jan da kake gani a fuskarta da tsagewar leɓenta shaida ce cewa rana tana ƙona ta duk da man da ake shafa mata. Mahaifiyarta ba ta yi laifi ba, abin da ta ga zai taimaka ta yi, kuma man kaɗanya yana da kyau ƙwarai wajen tausasa fata da hana kaushi da faso lokacin hunturu. Sai dai tare rana wani aiki ne daban da ba ya iyawa.

Abin da yake ruɗar mutane shi ne suna auna cutarwar rana da zafin da suke ji a jiki. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, fata ma ba ta jin sa a lokacin da yake sauka a kanta, wanda masana suke kira UV, kuma iri biyu ne suke isowa gare mu. UVB shi ne mai ƙona fata ta yi ja ko ta saɓule, shi ne kuma yake sa fata ta samar da bitamin D. UVA ya fi yawa nesa ba kusa ba, kusan kashi 95 cikin 100 na wanda yake isowa ƙasa, yana ratsa fata zuwa ciki, yana tsufar da ita, yana ƙara wa tabo duhu. Dukansu suna lalata ƙwayoyin fata a hankali, kuma ɓarnar taruwa take yi shekara da shekaru har wata rana ta zama sankara. Tunda ba zafi ne ma'auninsa ba, ranar da gari ya tashi da lumshi a watan Agusta, iska tana kaɗawa, za ta iya ƙona yarinyar kamar ranar bazara, domin gajimare marar kauri yana barin har kashi 80 cikin 100 na wannan haske ya wuce. Hazon hunturu ma ragewa kawai yake yi.

Mu kuma muna zaune ne inda wannan haske yake da ƙarfi. Kano da Jigawa suna wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin ƙarfin UV wanda ya fara daga sifili ya haura 11, kuma shawararta ita ce a fara kare fata da zarar ya kai 3. A wajenmu da tsakar rana yakan kai 11 ko ya wuce a watanni da dama na shekara. Mai aiki a fadama yana da ƙari a kan haka, domin ruwan da yake kwance a gonar shinkafa da farin yashin bakin kogi suna maido da wani kaso na hasken zuwa sama, ya bugi haɓa da ƙarƙashin hanci da ido, wuraren da hula ba ta rufewa.

Ba sai kana da waya mai nuna wannan ma'auni ba, inuwarka ta ishe ka. Muddin inuwarka ba ta kai tsawonka ba, rana tana da ƙarfin ƙona fata, idan kuwa ta kai ko ta wuce, ƙarfin ya ragu sosai. Wannan awo ba baƙo ba ne a wurinmu, kusan shi ne wanda malamai suke koyarwa na shigar lokacin La'asar, wato sa'ad da inuwar abu ta kai tsawonsa ban da inuwar zawali. Saboda haka lokacin da za a kiyaye shi ne daga wajen ƙarfe 9 da rabi ko 10 na safe zuwa kiran sallar La'asar, mafi tsananinsa kuwa sa'a biyu kafin zawali da sa'a biyu bayansa. A yankinmu zawali wajen ƙarfe 12 da rabi yake faɗawa.

Game da kai kanka, lamarin da sauƙi. Baƙar fata tana ɗauke da sinadarin da yake ba fata launi, wato melanin, mai yawa, wanda yake shanye mafi yawan UV kafin ya kai ga ƙwayoyin da suke ƙasa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1979 ya kimanta kariyar da baƙar fata take ba mai ita a wajen 13 bisa ma'aunin da ake auna man rana da shi, ta farar fata kuma wajen 3. Shi ya sa sankarar fata da rana take haddasawa ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙe, kuma ba zan ce ka riƙa taɓa kuɗin taki domin ka saya wa kanka man shafawa ba. Sankarar da muka fi gani a jikin baƙar fata takan fito ne a tsohon gyambon da ya ƙi warkewa, ko a tabon ƙunar wuta, ko a matsayin baƙin tabo mai faɗaɗa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, kuma duk wanda ya ga irin wannan ya kai shi asibiti.

Abin da nake ji maka shi ne ido da zafi. Duhun fatarka ba ya kare ƙwayar idonka. Wuni a rana shekara da shekaru yana cikin abubuwan da suke gaggauta yanar ido, yana kuma haifar da wata tsoka da take tsirowa a farin ido ta wajen hanci tana rarrafawa zuwa baƙin ido, wadda ta yi yawa a tsakanin manoma da masunta da makiyaya. Malfa mai faɗin baki tana rage wannan sosai, kuma na fi son in ga manomi da malfar kaba a kan hular kwano ko hular sanyi. Idan za ka sayi tabarau, ka nemi wanda aka rubuta UV400 a jikinsa daga wurin da aka yarda da shi, domin baƙin gilashin da ba ya tace UV yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken da yake shiga ya ƙaru. Zafi kuwa shi ne yake kayar da mutum nan take, musamman a bazara, kuma musamman 'yan ƙwadagon da ake biya a kan aikin da suka gama, waɗanda ba sa son tsayawa. Ka fita bayan Asuba, ka yi mafi nauyin aikin kafin hantsi ya ɗaga, ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka, ka kuma lura da fitsarinka: idan ya yi kaɗan ya yi ja, jikinka yana bin ka bashin ruwa. Wanda jiri da ciwon kai da murɗar tsoka suka kama, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri. Wanda jikinsa ya yi zafi rau kuma ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti, kada a ɗura masa komai a baki.

Akwai kuma abubuwan da suke raunana kariyar da baƙar fata take da ita. Wasu magunguna suna sa fata ta kasa jure rana, irin su doksisaikilin da sifrofuloksasin da Septrin, da wasu ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari irin Moduretic. Wanda ya ga fatarsa tana ƙuna ko ƙuraje a inda rana take bugu bayan ya fara irin waɗannan, kada ya daina sha da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa. Mafi muni shi ne man bilicin. Yawancinsa yana ɗauke da sinadaran da suke hana fata yin melanin ko suke sirantar da ita, sai mace ta cire kariyar da aka halicce ta da ita sannan ta shiga rana, ƙarshenta kumatu su yi baƙi ƙirin irin wanda yake da wuyar magani. Haka nan haɗe-haɗen gyaran jiki da ake matsa lemun tsami a ciki: ruwan lemun tsami a kan fata idan ya gamu da rana yana iya ƙona ta har ta yi bororo ta bar tabo. Ka isar da wannan ga matan gida, kuma kada a kusantar da ko ɗaya daga ciki ga yarinyar.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, amma yana da iyaka. Fata tana samar da bitamin D idan UVB ya sauka a kanta, bitamin D kuma shi ne yake taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam da ake gina ƙashi da shi. Sai dai jiki yana da ƙa'ida, idan ya samar da abin da yake bukata sai ya tsaya, ƙarin zama a rana ba ya ƙara komai sai ƙuna. Manomi irinka ya riga ya samu abin da ya ishe shi. Waɗanda za a kula da su su ne matan da ba sa fita, da tsofaffin da suka kwanta a ɗaki, da masu ciki da masu shayarwa. Su ya kamata su riƙa zama a tsakar gida da hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, na kamar minti 15 zuwa 30 sau da dama a mako, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Ranar da take fitowa ƙarfe 7 ba ta da UVB sosai, hasken da ya ratso gilashin taga ma ba ya aiki domin gilashi yana tare shi. Game da yaran da ƙafafunsu suke lanƙwashewa, binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi damun su, kuma sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam a kan da aka ba su bitamin D shi kaɗai. Ke nan maganin yana cikin nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya da miyar kuka da zogale, waɗanda ba sa wuya a ƙasar Haɗeja. Jaririn da idonsa ya yi shawara kuwa, kada a shanya shi a rana da sunan magani, asibiti za a kai shi a ranar a sa shi ƙarƙashin fitilar da aka yi domin haka.

Yanzu sai 'yarka, wadda ita ce zuciyar tambayar. Zabiyanci gado ne da yake fitowa idan uba da uwa dukansu suna ɗauke da ƙwayarsa, ko da su baƙaƙe ne, don haka babu wanda za a ɗora wa. Fatarta ba ta yin melanin sai ɗan kaɗan ko babu gaba ɗaya, wato kariyar nan ta 13 da kake da ita, ita ba ta da ko kusa da ita, alhali rana ɗaya ce take bugun ku. A asibiti mukan ga inda wannan yake kaiwa: saurayi ko budurwa zabiya mai shekara ashirin da 'yan kai, an zo da gyambo a saman kunne ko a leɓen ƙasa, bakinsa ya tashi ya yi tauri, an yi wata da watanni ana barbaɗa masa gari ana ɗaurewa da tsumma, ƙeya da bayan hannu kuma duk sun yi kaushi da ɓawo. Irin wannan ciwon tun ana shekara bakwai ake fara tara shi, kuma kusan dukansa abu ne da za a iya kauce masa. Ita babu wani lokaci da za a ce ta zauna a rana domin bitamin D. Ɗan abin da yake taɓa ta tana kai-kawo ya isa, sauran kuma ta samu a ƙwai da kifi da hanta, ko a maganin da likita zai rubuta idan ya ga bukata.

Kariyarta ta farko ba a cikin kwalba take ba, a tsarin wuninta take. Kada a aike ta kai abinci gona da tsakar rana, kada a sa ta cikin yaran da suke korar jan-baki idan shinkafa ta fitar da kai, kada a ɗora mata talla. Ɗebo ruwa da aike su koma sassafe ko bayan La'asar, aikin da za ta yi da rana ya zama na cikin rumfa. Inuwa ma iri-iri ce. Mangwaro da darbejiya da tsamiya suna da inuwa mai kauri, amma gawo yana zubar da ganye da damina, kuka kuma da rani, inuwarsu a lokacin ba abin dogaro ba ce. Ko a inuwa mai kyau haske yana shigowa ta gefe, saboda haka sutura tana nan daram.

A sutura abin dubawa shi ne saƙa da launi. Ka ɗaga yadin a bakin ƙofa ka duba ta cikinsa, idan kana ganin haske yana ratsowa ta ƙananan ramuka, UV ma zai ratsa. Yadi mai matsattsiyar saƙa kuma mai duhun launi ya fi fari mai shara-shara karewa, kuma Buzayen da suke naɗa baƙin turkuɗin da ake rinawa a Kura suna zaune ne a inda rana ta fi tamu. A ɗinka mata riguna masu dogon hannu har wuyan hannu, masu rufe ƙeya, da wando ko siket har idon sawu, a sake su domin iska ta shiga. Hijabi yana rufe kunne da wuya da kyau idan yadinsa yana da kauri, amma ya bar hanci da kumatu da leɓe a waje, saboda haka a ɗora malfa a kansa, wadda faɗin bakinta ya kai aƙalla yatsu huɗu na babba. Tufa idan ta jiƙe kariyarta tana raguwa. Tana bukatar tabarau fiye da kai, domin idon zabiya ba ya jure haske kuma yawanci ba ya gani da nisa. Ka je makarantarsu da kanka, ta boko da ta Islamiyya, ka roƙi malamai su bar ta ta sa malfa da doguwar riga, su cire ta daga tsayuwar taron safe a rana, su zaunar da ita a layin gaba nesa da taga.

Man shafawa na wuraren da tufa ba ta rufewa ne: fuska, kunne, ƙeya, leɓe, bayan hannu da saman ƙafa. Kasancewar mai ya fito daga itace ba ya nuna yana tare UV. An gwada man kwakwa da man zaitun da man riɗi da man kaɗanya da ire-irensu, kuma kariyarsu kaɗan ce ƙwarai, ba ta ko kusa da mafi ƙarancin abin da ake bukata. Kurkur rina fata kawai yake yi, basilin kuma ba ya tare komai. Hatsarinsu shi ne uwa ta shafa ta saki jiki, yarinya ta daɗe a waje fiye da yadda za ta daɗe da ba a shafa ba.

Abin da ya fi kusa da na asalin da kake nema, kuma yake aiki, shi ne man da aka yi da ma'adinai. Guda biyu ne, kuma a bayan kwalba za ka ga an rubuta su Zinc Oxide da Titanium Dioxide. Farin gari ne da ake samu daga ma'adinan ƙasa a tace, yana zama a saman fata ya shanye UV ya kuma mayar da wani sashe, ba kasafai yake sa ƙaiƙayi ko yaji a ido ba, shi ya sa ake zaɓar sa ga yara. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ware waɗannan biyun a matsayin waɗanda take da isasshiyar hujjar amincinsu da ingancinsu, ta nemi ƙarin bincike a kan yawancin sauran. A tsakaninsu zinki, wato Zinc Oxide, ya fi, domin yana tare UVA da UVB duka, kuma mai kyau yakan ƙunshi kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Yana barin fari-fari a fata, abin da masu duhun fata suke ƙi, amma a wurin 'yarka wannan amfani ne, mahaifiyarta za ta ga inda ta tsallake. Matar da take fama da baƙin tabon kumatu bayan haihuwa, ita ta nemi irinsa mai launin ƙasa-ƙasa, ya fi dacewa da fatarta kuma ya fi hana tabon ƙaruwa. Duk da na fifita na ma'adinai, ina so ka riƙe wannan: idan wanda ka samu na sauran sinadaran ne, mai rajista, ka shafa mata shi. Cutarwar rana a fatar zabiya tabbatacciya ce, kuma jiran sai an samu na zinki ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Lambar da take gaban kwalba, SPF, tana nuna kariya daga UVB. Mai lamba 15 yana tare wajen kashi 93 cikin 100, mai 30 wajen 97, mai 50 wajen 98. Ga zabiya a ƙasarmu 50 za ka nema, idan babu kada ka sauka ƙasa da 30. Lambar ba ta cewa komai game da UVA, don haka ka duba ko an rubuta Broad Spectrum, ko haruffan UVA a cikin da'ira, ko PA da alamar tarawa uku ko huɗu. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a kantin magani mai rajista, ka guji wanda aka baza a faranti ko a baro cikin rana a kasuwa, domin zafi yana lalata shi kuma jabu ya yi yawa. Duk wanda aka rubuta yana ƙara hasken fata, ka ajiye shi. Idan ka kawo gida, a fara gwada kaɗan a cikin damtsenta a jira kwana ɗaya ko biyu, sannan a ajiye kwalbar a wuri mai sanyi, kamar gindin randa.

Wasu za su ba ka shawarar ka sayi garin zinki ka kwaɓa da man kaɗanya a gida. Ban yarda da wannan ga yarinyar ba. Garin yana dunƙulewa, ba ya bazuwa daidai sai da injin masana'anta, sai wani wuri ya samu wani ya rasa, kuma ido ba ya iya ganin bambancin. Ruwan kalamin da ake shafa wa mai ƙuraje ma yana da zinki, amma yana bushewa ya kakkaɓe, ba a yi shi domin wannan ba.

Yadda ake shafawa ya kai zaɓen man muhimmanci, domin an auna lambar nan ne da shafi mai kauri, kuma yawancin mutane ba sa shafa ko rabinsa. Babban mutum yana bukatar kamar cokalin shayi ɗaya ga fuska da wuya da kunnuwa. Yarinya mai shekara bakwai wadda ta sa doguwar riga, kamar rabin cokali zuwa ɗaya zai ishe ta fuska da kunne da ƙeya da bayan hannu. A shafa kamar minti 15 zuwa 20 kafin ta fita, a sake duk bayan sa'a biyu idan tana waje, da kuma duk lokacin da ta yi gumi sosai ko ta wanke fuska. Alwala tana wanke shi daga daidai wuraren da ake son karewa, saboda haka ku ɗaure shafawar da ita: da safe kafin makaranta, da tsakiyar hantsi lokacin tara, sannan bayan alwalar Azahar kafin ta tafi Islamiyya. Mai kauri irin wanda ruwa ba ya ɗauka da sauƙi, a wanke shi da sabulu kafin alwala a sake sabo bayanta. Kada a manta da leɓen ƙasa, shi ne ya fi kallon sama, akwai man leɓe mai SPF, idan babu a ɗan dangwala na fuskar. Idan ana son man kaɗanya, a bar shi sai da dare bayan wanka, a nan ne zai yi aikinsa.

Ka yi lissafi tun yanzu domin kada abin ya yanke. Rabin cokali sau uku a rana ya kama wajen mililita 7 da rabi, ke nan kwalba mai mililita 100 ba za ta wuce mako biyu ba. Na san wannan nauyi ne a kan manomi, shi ya sa na dage a kan sutura da inuwa, domin duk inda tufa ta rufe an huta da saya masa mai. Kada kuma ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Akwai ƙungiyoyin zabaya a Najeriya, daga ciki har da gidauniyar da Jake Epelle ya kafa a 2006, kuma sukan raba man rana da malfuna idan sun samu tallafi, musamman wajen 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin zabaya. Ka tambaya a babban asibitin Haɗeja ko a Dutse a haɗa ka da ƙungiyar jiharku a rubuta sunanta. Idan Allah ya sake ba ku jariri zabiya, kafin ya kai wata shida inuwa da tufa ne kariyarsa, ba a fara shafa masa mai sai da shawarar likita.

Jan da yake fuskarta yanzu, a sanyaya shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa, ta sha ruwa sosai, ta kwana biyu ba ta shiga rana ba, idan ya yi bororo kada a fasa. Daga nan mahaifiyarta ta ɗauki al'adar duba jikinta sau ɗaya a wata da rana a bakin ƙofa, tana shafa yatsa a saman kunne da bayansa, da ƙeya, da goshi, da leɓe, da bayan hannu. Abin da take nema shi ne wuri mai kaushi kamar yashi wanda ba ya tafiya ko an shafa mai, ko ɓawon da yake ɓarewa ya dawo, ko ƙurjin da yake zubar da jini, ko ciwon da ya wuce mako uku zuwa huɗu bai warke ba. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, kada a sa masa toka ko gari ko man zafi, a je asibiti a nemi takardar turawa zuwa likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A matakin farko irin wannan wurin ana daskarar da shi ne da wani ruwa mai tsananin sanyi, ko a ba da man magani, ko a yanke shi da 'yar allurar kashe zafi a koma gida a ranar. Ko ba a ga komai ba, a kai ta likita ya duba fatarta aƙalla sau ɗaya a shekara, a haɗa da awon ido, kuma ku tafi da kwalbar man da kuke shafa mata domin ya karanta abin da yake ciki.